Na zama siniya rajistara a tiyata: in na yi sanyi a raina ni, in na yi zafi su gudu, ya ake yi ne?

Dr_Kaba ya rubuta:

Assalamu alaikum mutanen zaure. Dan Allah manyan gidan nan shawara nake nema, musamman waɗanda suka daɗe a harkar tiyata, ko ba likita ba ne kai in dai ka san yadda abun yake ka sa baki.

Ban daɗe da cin jarrabawar mataki na ɗaya ta ƙwarewa a tiyata ba, yanzu ni ne siniya rajistara (SR), wato babba a cikin likitocin da ke koyon ƙwarewa, a yunit ɗinmu, a wani asibitin koyarwa nan Arewa, ba sai na kama suna ba. Sama da ni akwai konsoltan biyu, wato ƙwararrun da suka gama horo, ƙasa da ni ƙananan rajistara ne da haus ofisa, sababbin likitocin da suka gama makaranta, masu zuwa su yi wata uku su wuce. Wanda ya san tsarin ya san SR shi ne a tsakiya, Oga in zai yi faɗa kai zai yi wa, yara in za su yi gulma a ɗakin kol, inda masu aikin kwana ke hutawa, kai za su yi da.

Lokacin da nake ƙarami na yi wa kaina alkawari ba zan zama irin masu yi wa mutum tsawa a gaban mara lafiya da danginsa ba, don na san zafin abun, an taɓa ce min a gaban ɗalibai wai wa ya ba ni takardar likita. To yanzu ina lallaɓa yaran nan ina musu magana da mutunci, amma wallahi abun da nake gani bai min daɗi ba. A zo rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, da safe ka tarar ba a karɓo sakamakon gwaji ba, wanda aka sa a lis ɗin tiyata ba a tanadi jininsa ba, wani ma ba a gaya wa danginsa kar ya ci komai ba sai ka same shi da kofin koko a hannu, shi ke nan an ɗage aiki, bawan Allah ya taho tun daga ƙauye ya sayar da akuyarsa. Oga kuma ba ruwansa da wane ne bai yi ba, ni zai kalla.

Abokina SR ɗin ɗaya yunit ɗin shi ba ya wasa, ka makara minti biyar ya ƙara maka kol, ka yi kuskure ya wanke ka tas a tsakiyar wod, kuma gaskiya aikinsa yana tafiya daidai. Sai dai duk yaron da ya bi ta hannunsa in ka tambaye shi me zai karanta nan gaba zai ce komai ma banda tiyata.

To tambayata: akwai hanya ta uku ne ko dai dole sai na zaɓi ɗaya? Sannan da me ma zan zaburar da su, tunda ba ni nake biyan albashi ba, ba ni nake ba da hutu ba, rabinsu ma in ka leƙa ɗakin kol karatun PLAB, jarrabawar samun izinin aikin likita a Birtaniya, suke yi jikinsu ne kawai a nan?

Baba_Likita ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da cin jarrabawa, Allah ya sa albarka. Ni na kusa ajiye aiki, yaran da suka riƙe min ƙarfen buɗe ciki a tiyata a da wasunsu yanzu farfesoshi ne, don haka bari in ɗan ja magana, ka yi haƙuri da surutun tsoho.

Ka ce ba ka da abun ba su. Kana da shi mana, wuƙa ce. Duk yaron da ya shigo tiyata, ko wanda yake cewa ba ya so, akwai abu ɗaya da yake sa idonsa ya buɗe, ranar da aka ce masa zo ka yi da hannunka. Matsalar yawancin yunit ɗinmu ita ce an mai da ƙananan likitoci kamar yaron gareji da zai shekara ana aikensa sayo shayi da wanke kayan aiki bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba, sannan a zo ana mamakin me ya sa ba ya zuwa da wuri. Ka kafa doka ɗaya ka tsaya a kanta: wanda ya ga mara lafiya a kilinik, ya rubuta tarihinsa da kyau, ya bi gwaje-gwajensa, ya tabbatar jini yana nan, ya zauna da dangi ya yi musu bayani suka sa hannu, shi ne zai shiga aikin kuma zai yi wani ɓangare gwargwadon matsayinsa. Haus ofisa ya ɗinke fata, ko ya tsaga maruru, ko ya cire ɗan ƙulli a ƙarƙashin fata. Ƙaramin rajistara ya yi afendis, ya yi kaba, ya buɗe ciki ya rufe. Wanda bai shirya mara lafiyarsa ba ranar ya tsaya a wod yana cika fom yana jin labari. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka zagi uban kowa ba, amma za ka ga sati biyu ba za a yi ba sun fara rige-rigen zuwa lab.

Kuma ba da wuƙa ba wai ka ce yi ka fita shan iska ba ne. Ka zagaya ka koma ɗaya gefen tebur, ka bar masa gefen dama inda mai aiki yake tsayawa, kai ka karɓi ƙarfen buɗe ciki ka riƙe masa, ka gyara masa fitila. In ya yi jinkiri ka danne zuciyarka, don hannunka zai riƙa ƙaiƙayi kana so ka fizge almakashin, kar ka fizge sai in ka ga haɗari. Ka riƙa tambayarsa me kake gani, mene ne wannan a ƙarƙashin yatsanka, in ka yanke nan me zai biyo baya. Aikin minti arba'in zai ci awa ɗaya da rabi, mai ba da maganin barci zai harare ka, sista za ta yi tsaki, ka ba su haƙuri tun kafin a fara ka ce yau kes na biyu na koyarwa ne. Shi ya sa ba kowane kes ake bayarwa ba, ka zaɓi mara lafiyar da jikinsa zai ɗauki ƙarin lokacin.

Wannan tsarin namu na rasidensi, wato horon ƙwarewa na likitoci, ba mu muka ƙirƙire shi ba, William Halsted ne ya kafa shi a asibitin Johns Hopkins na Amurka bayan an buɗe shi a 1889, yaransa a cikin asibitin suke kwana suna tashi, a ɗauki da yawa a ƙasa kaɗan ne ke kaiwa sama. Abun da mutane ke mantawa, zuciyar tsarin nasa ita ce a riƙa ƙara wa yaro nauyi mataki-mataki har ya tsaya da ƙafarsa. Mu sai muka riƙe wahalar muka saki ƙarin nauyin. Kuma kwalejojin da suke ba mu takardar, ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa 1979, ko WACS ta Afirka ta Yamma, duka logbuk suke nema, littafin da ke nuna aiki nawa ka taimaka aiki nawa ka yi da kanka. Yaron da ya san kana damuwa da logbuk ɗinsa zai bi ka ko ina.

Misali ma ba sai mun je nesa ba. Dr Kees Waaldijk, Baturen Holan ɗin nan da ya zauna Babbar Ruga a Katsina tun farkon shekarun 1980 yana aikin yoyon fitsari, ya yi wa dubban mata aiki da hannunsa, amma abun da ya sa aikin bai tsaya a kansa ba shi ne likitoci da nas-nas da ya riƙa koyarwa, har cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano da sauran wurare.

Abu na biyu, ka zama garkuwarsu. Ranar mitin ɗin bitar waɗanda suka rasu ko aka samu matsala, in aka taso da kes ɗin yunit ɗinka kai za ka miƙe ka ce mu ne, ni ne na ce a yi kaza. Yaron da ya yi kuskuren ka same shi daga baya ku biyu a ofis ka feɗe masa biri har wutsiya, nan kam ba sassauci. Amma fa akwai abu ɗaya da ban taɓa yafewa ba kuma kai ma kar ka yafe: ƙarya. Yaro ya ce ya duba mara lafiya alhali bai duba ba, ko ya rubuta bugun jini daga kansa. Wanda ya ce Oga ban yi ba na manta, wannan ɗan gyara ne. Wanda ya ƙirƙiro lamba ya rubuta a folda, wannan a ranar HOD, shugaban sashe, zai ji labarinsa.

Sista_Tiyata ta rubuta:

Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara girma, da duk konsoltan irinku ne da ba mu ga abun da muke gani ba. Amma ku bar ni in faɗi tawa daga inda nake tsayawa, don mu masu miƙa kayan aiki mu muke ganin kowa, Oga da yaro, shekara da shekaru.

Dr Kaba, wannan abokin naka da ka ce aikinsa yana tafiya daidai, ka tambayi nas ɗin dare tukunna. Yaran da ake yi wa tsawa suna kawo sakamakon gwaji a kan lokaci, wannan gaskiya ne, amma su ne kuma ba sa kira da daddare. Na sha ganin haus ofisa ƙarfe biyun dare yana tsaye a bakin gado, yaro ne aka yi wa aikin hanjin da taifot ya huda, ciki ya fara kumbura, fitsari ya ragu a jaka, bugun zuciya yana hawa, wayar tana hannunsa ya buɗe lambar SR ya rufe ya buɗe ya rufe, yana lissafin zagin da zai sha in ya zamana ba komai ba ne. Sai ya ce min Sista bari mu ƙara ruwa leda ɗaya mu gani zuwa asuba. Zuwa asuba ɗin nan ita ce take cin mutane. Ni dai in na ga haka nakan ɗauki wayata in kira da kaina, don ni na wuce a yi min tsawa in yi kuka, amma ba kowace nas ce za ta yi ba.

A cikin tiyata ma haka ne. Kafin a rufe ciki dole mu ƙirga goz, wato ƙyallen tsane jini, da allurai da kayan aiki, in lissafi bai cika ba dole in ce a dakata. Akwai wanda in ka faɗa zai ce to a duba, ya sa hannu ya lalubo, a samu ko a ƙasa ko a cikin bokiti ko a bayan hanji. Akwai kuma wanda sai ya ce ke kin fi ni sanin abun da na sa a ciki ne, kuma rajistaran da ke gabansa ya ga lokacin da aka tura goz ɗin amma ya sunkuyar da kai ya yi gum. Irin wannan shirun ba ladabi ba ne, tsoro ne, kuma mara lafiya ne yake biya.

Ba mu kaɗai ba ne, a wani kwas aka ba mu labarin Elaine Bromiley a Ingila, 2005. Mace mai shekara 37 ta je ɗan ƙaramin aikin hanci, aka sa ta barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku suka duƙufa suna ta gwadawa lokaci yana tafiya, nas ta kawo kayan huda maƙogwaro ta ce ga su, ba wanda ya saurare ta, wata ta je ta nemo gado a ICU, sashen kulawa ta musamman. Nas-nas ɗin sun san abun da ya kamata a yi amma ba su iya faɗa da ƙarfin da za a ji ba. Matar ta rasu bayan kwana 13. Mijinta matuƙin jirgin sama ne, shi ya tsaya kai da fata sai an koya wa ma'aikatan lafiya abun da su aka koya musu, cewa ƙarami yana da ikon tsayar da babba.

Irin wannan shirun ne ya sa takardar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta 2008, mai jerin abubuwan da ake bi kafin a fara aiki, ta sa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa. Da aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, har da wani a Ifakara ta Tanzaniya, mutuwa bayan aiki ta sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. A wurinmu kuwa sau da yawa bayan an gama aiki ake ba ɗalibar nas ta bi ta yi mata tik-tik a sa a folda. Dr Kaba in kana son ka fara daga wani wuri, ka fara daga nan, kai ne SR, ka tsaya minti ɗaya ka ce kowa ya faɗi sunansa, sannan ka ce duk wanda ya ga wani abu ba daidai ba ya yi magana ko ɗalibi ne. Kuma dan Allah ku koyi sunayen yaran nan, a daina kai haus ofisa zo nan, wata uku mutum yana maka bauta ba ka san sunansa ba.

HO_mai_gajiya ta rubuta:

Ina gaida manya. Ni haus ofisa ce yanzu haka a tiyata nake, kuma Cif ba don in kare mu ba, akwai malalata a cikinmu kowa ya sani, amma ku ɗan ji ta bakinmu.

Wannan sakamakon da ake cewa ba mu karɓo ba, wani lokacin ba a ma yi gwajin ba saboda dangi ba su da kuɗin, na rubuta fom tun jiya uban yaron ya tafi neman rance bai dawo ba. Jinin da ba a tanada ba, blod bank sun ce sai an kawo mai bayarwa, 'yan uwa biyu aka gwada ɗaya jininsa bai kai ba ɗayan ya gudu. Ni kaɗai ce a wod biyu da imajensi, ni ce mai sa kanula ni ce mai kai samfur ni ce mai bin dangi. To da safe a rawun ba wanda zai ce me ya faru, sai dai ina sakamako, in na buɗe baki a ce ina kawo uzuri. Da za ku riƙa tambaya me ya hana kafin faɗa, wallahi rabin matsalar da SR zai iya warwarewa da waya ɗaya ce, don in ku kuka kira lab ko ofishin walwala suna ji, mu ba sa ji.

Sannan rawun ɗin kansa, a yi gado talatin a guje Oga yana magana yana tafiya, kowa yana zuba umarni, ba a ce wane kai za ka yi kaza ba, daga baya kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya yi. SR ɗin da na fi jin daɗin aiki da shi ba wani mai fara'a ba ne ma, amma bayan rawun zai tsayar da mu a teburin nas ya ɗauki takarda ɗaya ya rubuta gado kaza abu kaza sunan wane, ƙarfe biyu ya dawo ya bi layi-layi. Kuma ya gaya mana ranar farko cewa in kuka kira ni da dare ya zama ba komai ba zan yi faɗa ba, in ba ku kira ba ya zama wani abu a nan za mu ɓata. Na gwada shi kuwa, ya zo, ba komai ba ne, ya nuna min yadda zan bambance ya koma ya kwanta. Shi ne ya fara ba ni ɗinkin fata, na ɗauki hoton zaren a zuciyata har gida ina ba Mama labari.

Abu na ƙarshe, mu mata a daina ce mana tiyata ba ta mata ba ce, ki je bangaren yara ko ki yi aure ki huta. Wasa ake cewa ana yi amma kullum ne. Ni ina sha'awar tiyata kuma duk ranar da aka faɗa sai na ji kamar in fasa.

Dr_Zafi ya rubuta:

Ku yi ta lallaɓa su. Mu da aka yi wa horon gaske mun mutu ne? Tiyata ba wurin hira ba ce, jijiya in ta ɓalle ba ka da lokacin cewa dan Allah ƙanena miƙo min kaza. Yaran yanzu kana musu gyara sai su ce an ci zarafinsu su tafi Twitter. Sista ina girmama ki amma mara lafiyar da aka ɗage wa aiki saboda sakacin yaro shi ma ai biya ya yi. Ni dai wanda ya yi sakaci zai ji a jikinsa.

Likita_a_Ingila ya rubuta:

Dr Zafi ba wanda ya ce in jini yana zuba a tsaya gaisuwa. A nan ma in abu ya rikice konsoltan zai yi magana gajeriya da ƙarfi kowa ya bi, kuma ba mai jin haushi. Bambancin shi ne matsa, danna nan, ba ni kilam in matse jijiya daban, kai jaki ne daban. Na farko umarni ne na biyu ba ya tsayar da jini. Kuma an gwada abun nan fa, a 2015 an buga wani bincike da aka yi a Isra'ila da tawaga 24 ta likitoci da nas masu kula da jarirai, aka ba su jaririn roba mai rashin lafiya su yi aiki a kai, rabinsu aka sa wani wai ƙwararre daga Amurka ya yaɓa musu baƙar magana. Waɗanda aka yaɓa wa sun fi kuskure wajen gano ciwon da wajen aikin hannu, kuma sun rage tambayar juna da neman taimako. Maganar ma ba ta kai rabin wadda muke sha a rawun ɗin Litinin ba.

Maganar ƙara wa mutum kol a matsayin horo kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro, don wanda kake hukuntawa ba yaron ba ne, mara lafiyar da zai faɗo hannunsa a awa ta talatin da fara aiki ne. Amurka sai da Libby Zion, yarinya 'yar shekara 18, ta rasu a wani asibitin New York a 1984 a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa ba babba a kusa, babanta ɗan jarida ya tayar da ƙura, jihar ta sa dokar awa 80 a sati a 1989, ƙasar gaba ɗaya ta bi a 2003. Nan Ingila tun 2009 awa 48 ne a matsakaici. Ban ce a kwafo wannan a kai gida ba, ina likitocin da za su cike gurbin? Kuma gaskiya ita ce masu koyon tiyata a nan kukansu kullum ba sa samun isasshen aiki da hannu, abun da rajistara a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri zai buɗe a shekara ɗaya wani a nan sai ya daɗe bai gani ba. Wannan arziki ne da kuke da shi a gida, maganar Baba ke nan, in dai za a bar yaran su taɓa.

Dr Kaba game da masu karatun PLAB, kar ka ɗauke su maƙiya. Ka tuna 2021, NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta Najeriya, ta shiga yajin aiki a Afrilu kuma cikin dalilan har da haus ofisa da suka yi watanni ba albashi, aka sake shiga wani a Agusta ya kai kusan wata biyu. A 2023 kuma aka kawo ƙudiri a majalisar wakilai wai sai likita ya yi shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Wanda yake ganin wannan dole ya nemi mafita, ba kai za ka hana shi ba. Amma wata ukun da zai yi a hannunka zai iya yinsu da zuciya ɗaya in ya ga yana ƙaruwa. Ni kuɗi ne babban dalilin tafiyata ba zan ɓoye ba, amma wanda ya sa na cika fom ɗin a daren da na cika mutum ne, ba albashi ba.

Dr_Kaba ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takardar rabon aiki bayan rawun da maganar kiran dare zan fara su gobe in sha Allah, ƙanwata HO na ji kuma kar ki fasa. Dr Zafi ni ma ban ce a bar sakaci ba. Amma Baba ranka ya daɗe ga inda gizo ke saƙar: ta yaya zan ba da wuƙar da ni ma ba a ba ni ba? Ɗaya daga cikin Ogannina komai shi yake yi tun daga tsaga fata har ɗinkin ƙarshe, ni SR guda ina riƙe ƙarfe, in na ba yaro kabar da ta rage ni me zan rubuta a nawa logbuk ɗin, ga mataki na biyu yana jira na?

Baba_Likita ya rubuta:

Na san irinsu, wasu rowa ce wasu kuma tsoro ne, an taɓa ɓata musu aiki sun rantse ba za su ƙara ba. Kar ka roƙe shi a cikin tiyata a gaban mutane, zai ce a'a don kar a ga kamar ka tilasta shi. Ka same shi a ofis kwana ɗaya kafin lis, hoton mara lafiya da sakamako a hannunka, ka gaya masa yadda ka tsara aikin daga farko zuwa ƙarshe da inda kake ganin za a iya samun matsala, sannan ka nemi ɓangare ɗaya tak, ka ce Oga ina so in buɗe in kai wuri kaza sai ku karɓa. Ƙaramin abu ka nema wanda zai ji kunyar hanawa. In ya ba ka ka tsaya daidai inda ka ce za ka tsaya ko da kana ganin za ka iya wucewa, sati na gaba ka nemi ƙari.

Aikin dare kuma ai naka ne, murɗewar hanji da taifot da haɗarin mota duk a hannun SR suke faɗowa, nan za ka cika logbuk, ka kira shi ka sanar da shi kafin ka shiga da bayan ka fito ko bai nema ba. Kaba da afendis ka bar wa na ƙasa, kai ka wuce nan, kuma wanda ka tsaya a kai yaro ya yi shi ma ka rubuta shi a matsayin wanda ka koyar. In wata shida ta wuce bai saki ba, ka je wurin mai kula da horon rasidensi na sashenku da logbuk ɗin a hannu ka nuna masa gurbin da babu komai, kar ka kai ƙarar kowa, ka ce dai a duba maka rotashin ɗinka, wato tsarin zagayawarka a yunit-yunit, ko a tura ka wata cibiyar na ɗan lokaci. Ka turo min saƙo ta inbos in gaya maka yadda ake rubuta takardar.